Daga Brussels zuwa Birnin Ƙonni: Wa Dokokin Hana Fataucin Mutane Suke Karewa?

Ba yau aka fara alkawarin kawo ƙarshen sayar da ɗan Adam ba. Tun a 1815, da manyan ƙasashen Turai suka taru a Biyana bayan yaƙe-yaƙen Napoliyon, sun sa hannu a kan wata sanarwa da ta la'anci cinikin bayi, kuma daga lokacin zuwa yau an ƙulla yarjejeniya bayan yarjejeniya a kan wannan batu, kowace tana cewa ita ce za ta toshe kafar da ta gabanta ta bari. Duk da haka, ƙiyasin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar tare da abokan aikinta a 2022 ya nuna mutum miliyan 27.6 na cikin aikin tilas, wasu miliyan 22 kuma na cikin auren dole, alhali waɗanda kotunan duniya baki ɗaya suke samu da laifin fataucin mutane a shekara ba su cika kai 10,000 ba. An saba ɗora laifin wannan giɓi a kan rashin aiwatar da doka, wato cin hanci da sakacin jami'ai da ƙarancin kuɗi. Duk wannan gaskiya ne, amma matsalar ta fi haka zurfi. Wanda ya bi tarihin dokokin ɗaya bayan ɗaya zai ga tun daga tushe an gina su ne a kan buƙatar hukumomi: cin ƙasa a wani zamani, tsare tarbiyya a wani, tsare kan iyaka a namu zamanin. Mutumin da aka sayar kuwa kullum a gefe ake ajiye shi, ko dai a matsayin shaida, ko a matsayin wanda za a tasa ƙeyarsa zuwa inda ya fito. Kuma a 'yan wuraren da doka ta yi cizo na gaske, za a tarar shi wanda aka zalunta ne ya samu bakin magana da wurin tsayawa.

Taron Brussels na 1889 zuwa 1890 shi ya haifar da babbar yarjejeniya ta farko ta hana cinikin bayi a cikin Afirka. Mai masaukin baƙi shi ne Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam, wanda a daidai lokacin yake kafa mulkinsa na ƙashin kansa a Kwango, inda daga baya aka riƙa ƙona ƙauyuka ana guntule hannuwan mutane saboda ba su cika adadin robar da aka yanka musu ba. Maganin da yarjejeniyar ta tsara ya isa ya nuna inda aka dosa: a kafa mulkin Turawa a cikin nahiyar, a gina sansanonin soja, a shimfiɗa hanyoyi da layin dogo, a hana 'yan Afirka sayen bindigogin zamani. Da irin wannan hujja Lugard ya tunkari Daular Sakkwato, Kano ta faɗi a watan Fabrairun 1903, Sakkwato ta biyo baya a watan Maris. Adalci ne a faɗa cewa hare-haren kama bayi sun tsaya, an kuma rufe kasuwannin bayi na fili, kuma ƙauyukan da suka daɗe suna barci da ido ɗaya sun samu sauƙi na haƙiƙa. Tambayar ita ce makomar waɗanda suka riga suka shiga hannu, kuma ba kaɗan ba ne: masana tarihi Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun ƙiyasta cewa wajen 1900 akwai bayi tsakanin miliyan 1 zuwa miliyan 2.5 a cikin daular.

Sanarwar da Lugard ya fitar a 1901 ta haramta saye da sayar da mutum, ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilun shekarar ɗa ne, kuma kotunan Turawa ba za su ƙara amincewa da cewa wani ya mallaki wani ba. Amma ba ta kwance wa waɗanda suke hannun iyayengiji igiya ba. Turawa na tsoron idan bayi suka watse daga rumada da gandaye noma zai durƙushe, sarakunan da ake dogara da su wajen tara haraji kuma za su rasa ƙarfi. Saboda haka aka ƙuntata wa mai gudu: a hana shi gona a inda ya sauka, a ɗauke shi a matsayin mai zaman kashe wando, a nuna masa hanyar kotun alƙali, inda za a yanka masa kuɗin fansar kansa ya shiga murgu, yana nema yana biyan ubangijinsa kaɗan-kaɗan har ya gama. Mace kuwa sau da yawa wani namiji ne yake biyan fansarta, ta fita daga wannan gida ta shiga wancan a matsayin mata ko ƙwarƙwara. Wanda aka ƙwace wa 'yanci shi aka sa ya biya diyya ga wanda ya riƙe shi. Sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewacin Nijeriya, shekara 35 bayan sanarwar farko. A ɓangaren Faransa, dokar Disambar 1905 ta haramta cinikin mutane a yankunanta na Afirka ta Yamma, amma a ƙasar da ta zama Nijar hukumar ta kawar da kai daga bautar cikin gida da ta rugage. Yarjejeniyar Bauta ta 1926, wadda tsohuwar majalisar ƙasashen duniya ta Jeniba ta samar, ta ba da ma'anar bauta da ake aiki da ita har gobe, wato a yi iko da mutum irin ikon da mai dukiya yake yi da dukiyarsa. Sai dai ta yarda a kawar da bautar sannu a hankali, ta kuma bar wa gwamnatoci ƙofar sa mutane aikin tilas don amfanin jama'a. Ta wannan ƙofa aka kwashi talakawan Arewa zuwa haƙar kuza a Filato tsakanin 1942 da 1944, kuma Faransa ba ta soke aikin dole a mallakanta ba sai a 1946.

Ana cikin haka wata igiyar ta taso daga Turai, kuma daga gare ta dokokin fataucin mutane na yau suka fito kai tsaye. A 1885 wani ɗan jarida a Landan, W. T. Stead, ya shirya sayen yarinya 'yar shekara 13 a kan fam 5 don ya tabbatar wa jama'a cewa ana iya yin haka a babban birnin daular. Ingila ta girgiza, majalisa ta ɗaga shekarun da doka ta yarda yarinya ta amince da namiji daga 13 zuwa 16, shi kuma ya yi wata uku a kurkuku saboda hanyar da ya bi. Wannan guguwa ce ta kai ga yarjejeniyar Paris ta 1904 da ta 1910, waɗanda fararen mata kaɗai suka dame su, a zamanin da ake ci gaba da satar yara a tsaunukan Adamawa da Mandara ana sayar da su a ɓoye, wasu har ta hanyar Makka. Matakan da ta 1904 ta tanada su ne sa ido a tashoshin jirgin ƙasa da na ruwa, yi wa baƙin mata tambayoyi, da mayar da su ƙasashensu. Amurka ta yi tata dokar a 1910, kuma ɗaya daga cikin fitattun waɗanda ta faɗa wa shi ne Jack Johnson, baƙar fata na farko da ya zama zakaran damben duniya ajin masu nauyi, wanda aka ɗaure saboda ya yi tafiya da budurwarsa farar fata. Yarjejeniyoyin 1921 da 1933 sun faɗaɗa da'irar zuwa dukan mata da yara, ta 1949 ta haɗe fatauci da karuwanci wuri guda ta manta da gona da masana'anta da aikin gida, ba ta kuma kafa wata hukumar bin diddigi ba. Ta 1956 ce ta fi kusa da rayuwar talaka, domin ta ambaci bautar bashi, da ba da mace aure don kuɗi ba da yardarta ba, da miƙa yaro ga wani don a ci guminsa. Ita ma ba a ba ta haƙoran cizo ba.

A Nuwamban 2000 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da yarjejeniyar da ake kira ta Palermo, aka fara sa mata hannu a watan Disamba a wannan birni na tsibirin Sisili, garin alƙali Giovanni Falcone da 'yan Mafiya suka kashe a 1992. Ta fara aiki a Disambar 2003, kuma ƙasashe sama da 170 sun shiga cikinta. Dole a yaba mata abu ɗaya babba: ita ta fara fayyace laifin ta yadda alƙali zai iya kama shi. Abu uku ne suke haɗuwa, wato a ɗauko mutum ko a yi jigilarsa ko a ajiye shi, ta hanyar ƙarfi ko yaudara ko amfani da rauninsa, da niyyar cin guminsa ko jikinsa. Idan an yaudare shi, yardarsa ba hujja ba ce ga mai laifi. Idan kuma bai kai shekara 18 ba, ba a ma buƙatar a nuna an yi ƙarfi ko yaudara. Ba sai an tsallaka iyaka ba, ba kuma sai mace ba. Amma a lura da inda aka haife ta: reshe ce ta yarjejeniyar yaƙi da gungun masu laifi na ƙasa da ƙasa, kuma tagwaye ce da wata yarjejeniyar ta hana tsallakar da baƙin haure. Wannan asali ya bayyana a cikin sassanta. Inda ake maganar mayar da fatauci laifi, da ƙarfafa tsaron iyaka, da tantance fasfo, umarni ne ga ƙasashe. Da aka zo kan masauki da magani da izinin zama ga wanda aka ceto, sai harshe ya yi laushi: ƙasa ta duba yiwuwar hakan, a inda ya dace, gwargwadon abin da dokarta ta yarda. Ko tsarin bin diddigin yadda ƙasashe suke cika alkawari ba a amince da shi ba sai a 2018. Rahoton shekara-shekara da Amurka take fitarwa tun 2001, mai jera ƙasashe aji-aji da barazanar yanke tallafi, shi ya cike wannan gurbi, kuma ya sa ƙasashe da yawa sun yi dokoki cikin gaggawa, ko da yake kowa ya san siyasa kan shiga cikin rabon makin.

Nijeriya na cikin na farko-farko a Afirka da suka amsa kira. Ta amince da yarjejeniyar a 2001, kuma da ƙoƙarin ƙungiyar WOTCLEF ta Hajiya Titi Abubakar aka yi dokar 2003 da ta kafa hukumar NAPTIP. An sake dokar a 2015, aka cire wa alƙali damar cin mai laifi tara a maimakon ɗauri, aka kuma haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida. A takarda doka ce mai kyau. Amma waɗanda aka ɗaure cikin shekara 20 ɗaruruwa ne kawai, alhali a 2016 kaɗai matan Nijeriya kimanin 11,000 suka sauka Italiya ta teku, kuma Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta ƙiyasta kashi 80 cikin 100 nasu suna cikin haɗarin faɗawa hannun masu fatauci. Dalilin wannan tazara a fili yake ga wanda ya dubi yadda ake ɗaure yarinya tun kafin ta bar gida. A Edo ana kai ta gidan tsafi, a yanki gashinta da farcenta, a karɓi kamfanta, a rantsar da ita cewa za ta biya bashin madam, wato matar da za ta kai ta Turai, ba kuma za ta tona asiri ba, in ta saɓa ta haukace ko ta mutu. Sai ta isa Turai take gane bashin ya kai Yuro 20,000 zuwa 50,000. Madam ta san gidan uwarta, wani lokaci ma uwar ce ta raka ta wurin rantsuwar. Idan 'yan sanda suka kama ta ba takarda, ita ce mai laifi a idonsu. Idan aka dawo da ita gida, za ta yi 'yan makonni a masaukin hukuma da ba a barin ta fita, sannan ta koma cikin talaucin da ya kore ta, ga bashi ga gori. Yaya za a yi wannan yarinya ta tsaya gaban alƙali? Ba tare da shaidarta ba kuma babu shari'a. Shi ya sa abin da Oba Ewuare na Biyu ya yi a 9 ga Maris 2018, da ya tara matsafan masarautar Benin ya warware dukan rantsuwoyin ya kuma tsine wa duk wanda ya sake ɗaura wata, ya taɓa wurin da dokar tarayya ba ta taɓa ba, wato tsoron da ke cikin zuciyar wadda aka zalunta. Kada mutanen Arewa su ɗauka labarin wasu ne. Yarinyar da dillaliya ta kwaso daga ƙauye zuwa aikatau a Kano ko Abuja, albashinta na shiga hannun wani, da matar da aka yi wa alkawarin aiki a Saudiyya ko wata ƙasar Larabawa, ta isa aka karɓe fasfonta, tsarin kafala ya ɗaure zamanta da yardar uban gidanta ta yadda in ta gudu ita za a kama, duk wannan ma'anar ta Palermo ta hau kansu.

Wani zai ce toshe hanya ma ceton rai ne, domin wanda bai tafi ba ba za a sayar da shi ba. Hujjar tana da nauyi, kuma mutanen Damagaram sun fi kowa sanin nauyinta. A Oktoban 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a hamada arewa da Arlit, 52 daga ciki yara ne, 33 mata, akasarinsu daga yankin Kance na jihar Damagaram, suna kan hanyar Aljeriya inda ake kai mata da yara bara. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Babu gwamnatin da za ta ga haka ta naɗe hannu. A Mayun 2015 Nijar ta yi dokar hana jigilar baƙin haure, kuma daga 2016, da kuɗi da matsin Tarayyar Turai bayan taron Valletta a kan ƙaura, aka fara aiwatar da ita a Agadas: aka ƙwace motoci, aka ɗaure direbobi, duk da cewa yawancin fasinjojin 'yan ƙasashen ECOWAS ne da yarjejeniyar 1979 ta ba su 'yancin zirga-zirga a yankin. Adadin da ake ƙirgawa a kan babbar hanya ya ragu sosai. Sai dai tafiyar ba ta tsaya ba, ɓuya ta yi. A da motoci kan fita ran Litinin su bi ayarin soja zuwa Dirku ta hanyar da ke da rijiyoyi. Bayan dokar sai direbobi suka koma bin hanyoyin da ba ruwa, wasu su zubar da fasinja idan sun hango sintiri. Kuɗin mota ya tashi, wanda ba shi da shi ya tafi a kan bashi, ya ƙare a gidan bashi a Sabha ta Libiya, inda ake dukansa ana buga wa danginsa waya su ji kukansa su aiko da kuɗi. Hotunan gwanjon mutane a Libiya da CNN ta nuna a Nuwamban 2017 sun fito ne bayan an tsaurara hanyar, bayan kuma Italiya ta ƙulla yarjejeniya da Libiya ta tare jiragen ruwa a mayar da mutanen ciki wuraren tsarewa. An bar jaki ana dukan taiki. Gwamnatin sojan Nijar ta soke dokar hana jigilar a Nuwamban 2023. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne a cikin wannan wata na Mayun 2015 Nijar ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta amince da ƙarin yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta 2014 a kan aikin tilas, wadda ta wajabta kare wanda aka zalunta da buɗe masa hanyar samun diyya. Dokoki biyu a wata ɗaya, amma ta tare hanya ce ta samu motocin sintiri da miliyoyin Yuro.

A wannan ƙasa dai ta Nijar aka ga abin da doka kan iya yi idan wanda aka zalunta ya riƙe ta da hannunsa. A 1996 aka sayar da Hadizatu Mani tana 'yar shekara 12 a kan sefa 240,000 ga wani mai hali a yankin Birnin Ƙonni, a matsayin wahaya, wato macen da ake ƙarawa a kan mata huɗu ba sadaki ba ɗaurin aure. Ta yi shekara tara tana aikin gida da na gona, ana dukanta, ya kuma riƙa kwana da ita tun ba ta mallaki hankalin kanta ba har ta haihu. Bayan Nijar ta yi dokar 2003 da ta sa ɗaurin shekara 10 zuwa 30 ga mai bautar da mutum, sai a Agustan 2005 ya ba ta takardar 'yanci, amma ya ce ba inda za ta, domin ai matarsa ce. Ta kai ƙara. Kotun farko a Ƙonni ta ce babu aure tunda babu sadaki babu ɗauri babu yardarta. Kotun da ke sama ta soke wannan hukunci ta fake da al'ada. Da Hadizatu ta auri wanda take so, tsohon ubangijin ya kai ta ƙara cewa ta yi aure kan aure, aka yanke mata wata shida, ta kuwa shiga kurkuku. A nan labarin dubban irinta yake ƙarewa. Nata bai ƙare ba saboda ƙungiyar Timidria, wadda aka kafa a 1991 don yaƙi da bauta, ta tsaya mata tare da lauyoyi na gida da na waje, kuma saboda Kotun ECOWAS tana karɓar ƙarar mutum ɗaya a kan gwamnati ba sai ya gama zagaye kotunan ƙasarsa ba. Kotun ta taso ta zauna a Yamai, Hadizatu ta tsaya ta ba da labarinta da bakinta. A 27 ga Oktoban 2008 aka yanke hukunci cewa an bautar da ita, kuma Nijar ce da alhakin rashin kare ta, tunda alƙalanta sun ga bauta ƙiri-ƙiri ba su ɗauki mataki ba. Aka umarci gwamnati ta biya ta sefa miliyan 10, ta kuma biya. A 2014 kotu a Ƙonni ta ɗaure wani mutum shekara huɗu saboda wahaya, karo na farko a tarihin ƙasar. Ma'anar bauta ta 1926, wadda ta shekara 82 tana kwance a takarda, ita kotun ta ɗauko ta yi aiki da ita. Wannan amsa ce ga masu cewa yarjejeniyoyin duniya ɓata tawada ne.

Akwai kuma masu cewa duk wannan shigo-shigo ne na Turawa, waɗanda suka fi kowa cin ribar bauta, yanzu suke so su koya mana tausayi su kuma ɓata mana al'ada da addini. Rabin farko na maganar gaskiya ne, tarihin Brussels ya ishe shi shaida. Rabi na biyu bai tsaya ba. Tun a 1615 Ahmad Baba na Tumbuktu ya amsa tambayar mutanen Tuwat da cewa baƙar fata ba dalilin bauta ba ce, ya lissafa mutanen Kano da Katsina da Barno cikin waɗanda bai halatta a mallake su ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hani ga bautar da 'ya'ya Musulmi, kuma hadisi ingantacce ya sa wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa cikin waɗanda Allah da kansa zai yi husuma da su ranar alƙiyama. Gaskiya ne waɗannan malamai ba su haramta bauta baki ɗaya ba, kuma daular da jihadi ya kafa ta tara bayi masu ɗimbin yawa, bai kamata mu ɓoye wannan ba. Amma a yau babu wani mutum a doron ƙasa da aka mallaka ta hanyar da fiƙihu ya taɓa yarda da ita. Yarinyar da aka saya a jihar Tawa aka shigo da ita wani gida a Nijeriya ɗiya ce, mai sayenta da mai sayar da ita sun ci kuɗin ɗiya. Malamin da ya yi shiru a kan wannan ba addini yake karewa ba.

Wata hujjar ita ce wadda ma'aikatun cikin gida na Turai suka fi so: idan aka ba duk wadda ta ce an yi fataucinta izinin zama, kowa zai zo da ƙarya. An gwada, kuma ba haka ta kasance ba. Tun 1998 sashe na 18 na dokar baƙi ta Italiya ya ba da izinin zama na wata shida da ake sabuntawa ga wadda ta tsere daga hannun masu fatauci ta shiga shirin kariya, ko da ba ta shirya kai ƙara ba, kuma masu gabatar da ƙara sun ga cewa macen da ta samu natsuwa da wurin kwana ita ce daga baya take buɗe baki. Amurka ta ware biza 5,000 a shekara don irin waɗannan mutane a dokarta ta 2000, kuma cikin shekara 20 na farko ba a taɓa cike adadin ba. Yarjejeniyar ƙasashen Turai ta 2005 ta wajabta a ba wanda ake zaton an yi fataucinsa aƙalla kwana 30 ya huta ya yi tunani ba tare da an kore shi ba, ta kuma buɗe hanyar kada a hukunta shi a kan laifin da aka tilasta masa. Shari'ar Ike Ekweremadu, tsohon mataimakin shugaban Majalisar Dattawan Nijeriya, ta tashi ne daga wani saurayi mai talla a titunan Legas da sanatan ya sa aka kai Landan don a cire masa ƙoda. Ya gudu, ya kwana a titi, ya shiga ofishin 'yan sanda a Mayun 2022. Da an dube shi a matsayin baƙon haure an sa shi a jirgi, da maganar ta mutu a nan. An saurare shi, an ɓoye sunansa, an ba shi mafaka, kuma a Mayun 2023 aka yanke wa sanatan shekara tara da wata takwas a ƙarƙashin dokar Ingila ta 2015.

Nijeriya da Nijar ba su rasa dokoki ba, ta Nijar a kan fataucin mutane tana nan tun 2010 da hukumarta. Abin da ya rage aiki ne da ba ya jawo taron manema labarai. A ba duk wanda aka ceto lauya kyauta tun ranar farko. Dukiyar da aka ƙwace daga mai fatauci ta isa hannun waɗanda ya ci guminsu a matsayin diyya. A daina kulle matan da aka dawo da su kamar su ne suka yi laifi, a daina gurfanar da su saboda fasfon bogi da wani ya damƙa musu. Kada a sa hannu a kan wata yarjejeniyar tura ma'aikata waje sai an tabbatar 'yar aiki za ta riƙe fasfonta, za ta kuma iya barin gidan da ake cutar da ita ba tare da an kama ta ba. 'Yan majalisa da alƙalai da sarakuna da limaman Juma'a, daga Sakkwato zuwa Damagaram, ku tambayi kowace sabuwar doka da kowane tallafi daga waje abin da ya tanada wa yarinyar da ke aikatau a bayan gidanku, kuma in bai tanada mata komai ba, ku mayar da shi a gyara.